SAKIYA DA TIYATA: TARIHIN AIKIN WUƘA A KAN KUMBURIN GABAN MATA



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka yi mamaki sa'ad da suka ga kan wannan lacca a jikin allo, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da aikin likita, balle ma ciwon da ya shafi al'aurar mata. Abin da ya haɗa mu shi ne suna. Ni ba likita ba ne, ban kuma zo nan domin in rubuta wa kowa magani ba. Sana'ata ita ce bin diddigin kalmomi da al'adun da ke ɗauke da su, kuma a wannan bin diddigi na lura cewa cutar da ba ta da sunan kanta a bakin jama'a takan ari sunan wata, daga nan kuma sai a yi mata maganin waccan.

Ina neman afuwar manya da ke zaune a nan, domin zan ambaci wasu gaɓoɓi da sunayensu. Malamanmu na fiƙihu ba su fasa ambatonsu a babin tsarki da haila da biƙi ba, Hausawa kuma sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maƙasudin laccar guda ɗaya ne, watau in nuna cewa wuƙa ta daɗe a jikin matan ƙasar Hausa, kuma abin da ya raba askar da ke warkarwa da wadda ke nakasawa shi ne sanin abin da ke ƙarƙashin fata. Zan kafa hujja da wani ɗan ciwo da ba a cika zancensa ba, watau kumburin da ke fitowa a gefen ƙofar farji. Zan kuma riƙa waiwayen ƙasar Boɗinga da Shagari, domin tarihin wannan yanki yana da abin cewa a kan lamarin.

Askar Gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da masu aikin wuƙa a jikin ɗan Adam. Wanzami, da zabirarsa da askarsa da ƙahonsa, shi ke yin kaciya da tsaga da ƙaho da cire beli, kuma sana'ar tana da shugabanta a fada, watau Sarkin Aska. Daga cikin ayyukan da ake yi wa mai kumburi akwai sakiya. Idan maruru ko wani ƙurji ya tara mugunya, sai a jira ya nuna, sa'an nan a huda shi da aska ko da kibiya ko tsinken ƙarfe da aka sa a wuta, a matse, mugunyar ta fita, mai ciwo ya sami sa'ida. Ya kamata mu faɗi gaskiya, wannan dabara tana kan hanya, domin kuwa likitocin duniya ma suna da tsohuwar ƙa'ida cewa duk inda mugunya ta taru sai an ba ta mafita. Har harshenmu ya san hatsarin yin aikin ba bisa sani ba, shi ya sa in an cuci mutum ba gaira ba dalili mukan ce an yi masa sakiyar da ba ruwa.

A cikin gida kuwa, lamarin mata yana hannun ungozoma da tsofaffin gida. Ungozoma ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta kula da wankan jego. Ita ce kuma mace ke fara kai wa kukanta in wani abu ya fito mata a wurin da ba ta iya nuna wa kowa. Maganin farko shi ne zama a cikin ruwan ɗumi, sau da yawa da bagaruwa a ciki, ko kuwa shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. In abin ya ƙi, sai a koma ga aska.

To, a nan ne matsalar suna ta shigo. Muna da maruru da ƙurji da ƙari da kaluluwa, duk sunayen kumburi ne a sassan jiki daban-daban. Amma da zarar ciwo ya shiga al'aurar mace sai sunaye su ƙaranta, kunya ta rufe bakin mai ciwo da mai magani, a tattara cututtuka masu yawa a ƙarƙashin kalmomi biyu ko uku: sanyi, angurya, gishiri. Naƙuda ta yi tsawo, a ce gishiri ne. Mace ba ta haihuwa, ko haila ta ɗauke, ko tana jin zafi wajen kwanciyar aure, ko fitsari yana yi mata wuya, duk a ce gishiri ne. Tun da suna ɗaya ne, magani ma sai ya zama ɗaya, watau a sa aska ko reza a tsaga cikin farji. Za mu ga sakamakon wannan nan gaba.

Malaman Sifawa da Boɗinga

Akwai masu zaton ilmin likita baƙo ne da ya zo mana da Turawa. Tarihin wannan yanki bai yarda da haka ba. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga. Malam Abdullahi yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai da dama a kan magani, har da wanda ya keɓe ga ciwon basur da wanda ya keɓe ga ciwon ido. Ku lura da wannan: Sarkin Musulmi da kansa ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu a kan basur, ciwon da ke wurin da ake jin kunyar ambata, bai kuwa ga hakan ya rage masa daraja ba. Haka kuma sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likitan da zai zo ya zauna a garin.

Ta fuskar mata, Shehu ya yi suka mai zafi a littafinsa Nurul Albab ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su mayar wa 'yan'uwansu mata. Wannan tsari ya warware wata matsala da har yanzu take damun aikin lafiya, watau yadda ilmi zai shiga cikin gida ta bakin mace zuwa kunnen mace.

Matsalar kuwa tsohuwa ce a duniyar Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Kurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta Kitabut Tasrif mai kashi 30. Kashi na ƙarshe a kan fiɗa yake, da zanen kayan aiki kimanin 200, an kuma fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. A ciki ya yi bayanin huda kumburi da lokacin da ya dace a huda, ya yi babi a kan cututtukan al'aurar mata da kuma horar da ungozoma. Da ya zo kan cire tsakuwar mafitsara a jikin mace, ya koka cewa kamun kai yana hana mata buɗe jikinsu ga likita namiji, ga shi kuma matan da suka ƙware a fiɗa sun yi ƙaranci, saboda haka ya ba da shawara a nemi mace likita, ko ungozoma ta yi aikin likita yana gaya mata yadda za ta yi. Shekara dubu ke nan da wannan kuka, amma duk wanda ya san ƙauyukanmu zai ce kamar jiya aka yi shi.

Maɓuɓɓugar Batolin

Yanzu sai mu zo kan ciwon kansa. A shekarar 1677 wani saurayi ɗan ƙasar Danmak, masanin ƙirar jiki, mai suna Caspar Bartholin, jikan wani masani mai irin sunansa, ya buga bayanin waɗansu 'yan halittu biyu da ke gefen ƙofar farji, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya yi karatu a Faris a wajen Duverney, wanda ya riga ya lura da irinsu a jikin saniya. Da sunansa ake kiransu har yau. Tun da ba mu da kalmar da ta keɓanta da su, ni zan kira kowace ɗaya maɓuɓɓugar Batolin, domin aikinta shi ne fitar da ɗan ruwa mai yauƙi da ke sa wurin ya yi danshi.

Girman kowace maɓuɓɓuga bai wuce ƙwayar wake ba, kuma in lafiya lau ake ba a ganinta, ba a jin ta da hannu. In aka ƙaddara ƙofar farji fuskar agogo ce, to, ɗaya tana daidai ƙarfe 4, ɗaya daidai ƙarfe 8. Kowace tana da siririyar magudana mai tsawon kimanin santimita 2, wadda ta cikinta ruwan ke fitowa. Duk ciwon daga wannan magudana yake. In bakinta ya toshe, maɓuɓɓugar ba ta daina aiki ba, sai ruwa ya taru a baya, magudanar ta kumbura ta zama ƙullutu. Ƙullutun yakan tsaya kamar yalo ƙarami, wani lokaci ya kai ƙwan kaza, kuma sau da yawa ba ya zafi. Amma in ƙwayoyin cuta suka shiga, ruwan ya zama mugunya, sai ya koma maruru mai raɗaɗi, cikin kwana biyu ko uku mace ta kasa zama, ta kasa tafiya sosai, wani lokaci har da zazzaɓi.

Likitoci sun ƙiyasta cewa kimanin mace 2 cikin 100 za ta gamu da wannan a rayuwarta, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 30, watau a tsakiyar shekarun aure da haihuwa. Akwai wani abu da nake so maza su riƙe. A da an ɗauka ciwon sanyi da ake ɗauka ta jima'i shi ne babban sanadi. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa mafi yawan lokaci ƙwayoyin cutar da ake samu a cikin mugunyar irin waɗanda ke zaune a fata ko a hanji ne, na ciwon sanyi kuwa kaɗan ne daga ciki. Saboda haka fitowar wannan maruru ba shaida ba ce a kan mutuncin mace, kuma wanda ya zargi matarsa a kansa ya ɗauki alhaki.

Ba wannan kaɗai ba ne kumburin da ke fitowa a wurin. Akwai wasu 'yan maɓuɓɓugai a gefen hanyar fitsari, waɗanda likita Alexander Skene ya yi bayaninsu a Amurka a 1880, su ma sukan toshe su kumbura. Waɗannan suna manne da hanyar fitsari, wadda kuskure kaɗan ya isa ya huda ta. Ga ido duk kumburi ne, amma wurin da za a sa wuƙa ya bambanta.

Daga Sakiya Zuwa Buɗe Ƙofa

Tarihin maganin wannan ciwo a asibiti tarihin amsa tambaya ɗaya ce: me ya sa yake dawowa? Likitocin Turai sun fara ne da abin da wanzami ya sani, watau a tsaga, a matse. Mai ciwo takan ji sauƙi nan take. Amma bakin tsagar yakan haɗe cikin 'yan kwanaki, magudanar asali kuwa tana nan a toshe, maɓuɓɓuga tana ta zuba, sai bayan 'yan watanni kumburi ya dawo. Zuƙe ruwan da allura ma haka yake. Misalinsa kamar mai gidan da kwatarsa ta toshe ne, ya kwashe ruwan da ƙwarya ya bar kwatar yadda take. Da an yi wani ruwan sama sai tsakar gida ta sake cika.

Da aka sami maganin sa barci a Boston a 1846, Joseph Lister kuma ya fito da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa a Glasgow a 1867, likitoci suka sami ƙarfin halin yin babban aiki, watau cire maɓuɓɓugar ɗungurungum. Wannan yana hana dawowar ciwo, sai dai yana da tsada ga jiki. Wurin cike yake da jijiyoyin jini, don haka ana iya zubar da jini mai yawa, ko jini ya taru a ciki, ko tabo ya bar mace da jin zafi wajen kwanciyar aure. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, da suka yaɗu a shekarun 1940, sun rage mace-mace daga ruɓewar rauni, amma su kaɗai ba su iya fitar da mugunyar da ta riga ta taru, ba su kuma buɗe magudanar da ta toshe.

A 1950 wani likita Ba'amurke mai suna Jacobson ya buga bayanin wata hanya ta tsakiya. Sunan da likitoci suka ba ta daga kalmar Latin yake mai ma'anar jaka ko aljihu, don haka mu ce da ita ɗinkin aljihu. Ana tsaga ƙullutun ta ciki, tsawon santimita 2 ko kusa da haka, a zubar da abin da ke ciki, sa'an nan a ɗinke leɓen jakar da fatar da ke kewaye da zare mai narkewa, yadda bakin ba zai sake haɗewa ba. Bayan 'yan makonni sai ya tsuke ya zama 'yar ƙaramar ƙofa ta dindindin. Maɓuɓɓuga ta tsira, tana ci gaba da aikinta, ruwa kuma ya sami sabuwar mafita.

A 1964 wani likitan mata na jihar Alabama, Buford Word, ya fito da hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ya ƙera 'yar gajeriyar roba mai ɗan balan-balan a bakinta. Bayan an yi allurar kashe zafi a wurin, sai a yi 'yar tsaga kamar rabin santimita, mugunya ta fita, a zura robar, a cika balan-balan ɗin da ruwa kimanin mililita 3 don kada ta zame, a bar ta mako 4 zuwa 6. A wannan tsakani fata takan tsiro ta kewaye robar, in an zare ta sai a bar sabuwar magudana. Aikin na 'yan mintoci ne, ba ya bukatar ɗakin tiyata, mace tana komawa gida a ranar. Inda babu robar Word, likitoci sukan yi amfani da ƙaramar robar fitsari ta yara, ko su zura siririn bututu su ɗaure shi kamar zobe. Akwai kuma masu ƙone cikin jakar da wani sinadarin azurfa ko da hasken leza, duk dai don kada ruwa ya sake taruwa.

Wace ta fi tsakanin ɗinkin aljihu da robar Word? An gwada su a ƙasar Holan da Ingila a kan mata 161, aka buga sakamakon a 2017. Cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 12 cikin 100 na waɗanda aka sa wa roba, da kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ɗinki. Watau kusan kunnen doki suka yi, ga shi kuwa roba ta fi sauri da arha. Cire maɓuɓɓuga gaba ɗaya yanzu an bar shi ga wadda ciwon ya yi ta dawo mata, ko wadda ake shakkar abin da ke ciki. Domin kuwa in mace ta haura shekara 40 irin wannan kumburi ya fito mata, likitoci sukan ɗebi ɗan nama su auna, saboda ciwon daji, ko da yake ba safai ba, yakan fara a wannan wuri. Ƙullutun da ba ya zafi kuma ba ya damun mai shi, a jikin mace mai ƙuruciya, sau da yawa ba a taɓa shi. Zama a ruwan ɗumi da kakanninmu suka sani likitoci ma suna ba da shawararsa, domin yakan sa ƙaramin maruru ya fashe da kansa.

In muka taƙaita, daga 1677 zuwa 1964 wuƙar ƙanƙancewa ta yi ta yi, ilmin da ke riƙe da ita yana ƙaruwa.

Darasin Gishiri

Mu dawo gida. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, amma asibiti ya daɗe bai kai ga matan karkara ba. Wuraren jinyar kutare da aka kafa a shekarun 1930, irin su Amanawa kusa da Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, na wata cuta ce daban. An buɗe sashen koyar da likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, Jami'ar Sakkwato kuma, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, an kafa ta a 1975. A wannan lokaci ne aka fara ƙidaya abin da askar gida ke haifarwa.

Likita Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 da suka je asibitin koyarwa na Zariya da yoyon fitsari tsakanin 1969 da 1980, ya buga sakamakon a 1983. Fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 cikin 100 kuwa yankan gishiri ne. Dalilin a fili yake ga wanda ya san ƙirar jiki. Galibi bangon gaba na farji ake tsagawa, bayansa kuwa hanyar fitsari ce da mafitsara, tsakaninsu ɗan siririn nama ne kawai. Mai yankan ba ta da mugun nufi, taimako ta zo yi, amma ba ta ganin abin da ke bayan bangon, Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Matar da aka so a sauƙaƙa wa sai ta koma tana yoyo dare da rana, kishiyoyi suna toshe hanci, sau da yawa aure ya mutu.

Likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo Babbar Ruga a 1983 domin aikin kuturta, ya ga yawan masu yoyon fitsari, ya koma ɗinke su, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki, a Sakkwato kuma asibitin mata da yara na Maryam Abacha yana da sashen masu wannan lalura. Abin da zai ba malamin harshe kunya shi ne, a sanarwar haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1997 a kan yanke-yanken al'aurar mata, kalmomin Hausa biyu sun fito da sunansu, angurya da gishiri. Ta wannan ƙofa harshenmu ya shiga littattafan likitocin duniya. A 2015 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta haramta kaciyar mata.

Mace Guda a Ƙasar Shagari

Mu ƙaddara wata mace 'yar shekara 25 a wani ƙauye na ƙasar Shagari. Ta wayi gari da kumburi a gefe ɗaya. Kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba, tana dafa tuwo a tsaye. Rana ta uku ta gaya wa uwar mijinta, ita kuma ta aika a kira ungozoma. Hanyoyi uku ke gabanta. Ko a yi mata sakiya a ɗaka da rezar da ba a dafa ba, ta sami sauƙi, ciwo ya dawo bayan watanni, in ma ba a sa mata wata cutar ba. Ko a ce gishiri ne a tsaga inda ba ciwon yake ba. Ko kuwa maigida ya ba da izini da kuɗin mota a kai ta asibiti. In ma'aikatan asibitin da ke kusa sun iya aikin kuma suna da kayansa, kafin la'asar ta dawo gida. In ba su da shi, sai ta hau titin da ya ratsa Boɗinga zuwa Sakkwato, a zaune a kan ciwon da ya hana ta zama. In kuwa tana da juna biyu, ko ciwon sukari, ko zazzaɓi ya rufe ta, jinkiri yana iya sa cutar ta bazu cikin jini.

Abin da zai raba mata hanya ba ya da yawa: ta san ciwon yana da suna da magani, mijinta ya san ba abin zargi ba ne, ungozoma ta san wannan ba nata ba ne, asibiti kuma ya kasance akwai mace ma'aikaciya da za ta duba ta.

Kammalawa

Ina da roƙo uku. Na farko ga ma'aikatan gwamnati, musamman na ma'aikatar lafiya da na ƙananan hukumomi. Wannan aiki ba ya bukatar babban gini ko injin ƙasar waje. Yana bukatar horo da allurar kashe zafi da tsabtatattun kayan aiki da 'yar roba. A sa shi cikin abin da kowane babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya, a kuma ƙara ɗaukar 'ya'ya mata a makarantun jinya da ungozomanci da likitanci, domin kukan da Az-Zahrawi ya yi ba shi da wani magani sai wannan.

Na biyu ya shafi wanzamai da ungozomomi. Su jama'a suka yarda da su, su ke shiga inda likita ba ya shiga. Zaginsu daga kan mumbarin lacca ba zai karɓe reza daga hannun kowa ba. A zauna da su ta hannun sarakunan aska da hakimai, a nuna musu zanen abin da ke bayan bango, a mayar da su masu rakiya zuwa asibiti, kamar yadda jajojin Nana Asma'u suka zama masu kai ilmi cikin gidaje.

Na uku gare ku ne ɗaliban Hausa. Kalmomin da na yi amfani da su yau, maɓuɓɓuga da magudana da ɗinkin aljihu, shawara ce kawai. Ku zauna da likitoci da tsofaffin mata, ku tace su, ku samo waɗanda za a iya faɗa a rediyo ba tare da uwa ta kashe akwatin don 'ya'yanta suna kusa ba. Ranar da mace a Shagari za ta iya ce wa mijinta ga sunan abin da ke damuna, ga kuma inda ake maganinsa, ranar ce za mu ce mun biya wani abu daga bashin da malaman Sifawa da Boɗinga ke bin mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana ilmi mai amfani.